Lodin Baba Gwadabe

Duk wanda ya taɓa ɗora buhu a babbar mota tsakanin Dutse da Shuwarin ya san mahaifina, Malam Gwadabe ɗan kamasho. In bai san sunansa ba ya san muryarsa, don Baba ba ya iya magana a hankali sai ya shigo gida. Aikinsa haɗa mai kaya da mai mota. Kai kana da riɗi ko wake kana son ya isa Legas, wancan yana da tirela a tsaye babu lodi, to Baba ne a tsakaninku. Shi zai yi cinikin kuɗin mota, ya tsaya a kan 'yan dako har a ɗaure tamfol, ya yi ta bin direba da waya har kaya su sauka. Shi kansa ko taya ɗaya ba shi da ita, sai wani tsohon babur da ba ya tashi sai an tura.

Asalinmu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Buji. Baba manomi ne ɗan manomi, har yau in ya ga gero ya yi kyau a bakin titi sai ya tsayar da babur ya yi kallo. Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gona ba ta ba da abin da za a kai rani ba, sai ya zo kasuwar Shuwarin yin dako. Da niyyar cin rani ya zo, bai koma ba. Yana ɗaukar buhu yana sauraron yadda ake ciniki, har ya san wace mota ce ke iya tudu da kaya, wane direba ne ke tsayawa a hanya ya zuƙe man maigidansa, wane ɗan kasuwa ne ke cusa ƙarin buhuna bayan an gama magana. Wani mai motoci a Kano, Alhaji Talha, ya lura da shi, ya ce daga yau in motarsa ta shigo yankin Dutse, Gwadabe ne zai nema mata kaya. Ta haka ya ajiye gammo, ya kama haya a Dutse, daga baya ya gina gidanmu na unguwar Takur, ɗaki bayan ɗaki.

Mu biyu Allah ya raya masa, Yaya Abdulrauf ɗan fari da ni Ummi auta. Innarmu ta rasu ina sakandare, Baba bai sake aure ba. Ni kam an sangarta ni, ba na musu. A kan kafaɗarsa na fara sanin kasuwar Shuwarin, dabino kuwa na ci har haƙorina ya yi rami. Amma Yaya, tunda na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakin Baba ba. A ƙauyenmu haka ake yi. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa, ba ya ma nuna ya san yana wurin. Da yawa waɗanda suka shigo gari sun sassauta, Baba kuwa ya riƙe abin da hannu biyu. A gida sai ya ce “yayanki” ko “yaron nan”. In baƙo ya tambaye shi ko wannan ɗansa ne, sai ya ce, “Yaron gidan nan ne,” ya kawo wata maganar. Ni dai abin yana ba ni haushi tun ina ƙarama, kuma har gobe ban huce ba.

Yaya a tasha ya taso, ya zama direba a gidan Alhaji Talha, aka danƙa masa wata jar tirela. Ranar da ya fara shigowa da ita Shuwarin, 'yan dako suka yi ta ihu suna dukan ƙofar motar. Baba ya zagaya ta sau ɗaya, ya doki tayar baya da ƙafa, ya ce iskarta ta yi ƙasa. Iyakar barkar da ya yi masa ke nan. Da muka koma gida sai muka tarar ya sa an yanka zakaru biyu, wai sun dame shi da cara.

Kowa a tashar ya san yadda abin yake. Duk lokacin da Baba ya kira Kano ya ce, “Alhaji, akwai kaya, a turo mota,” Alhaji Talha yakan yi dariya ya ce, “To Malam, za a duba wadda ta dace.” Kuma kullum jar ce take dacewa. Alhajin ma mutumin ƙauye ne, shi ma bai taɓa kiran sunan babbar 'yarsa ba, saboda haka ba ya bukatar a yi masa bayani.

In jar ta iso, Yaya zai sauko ya durƙusa ya yi gaisuwa, Baba zai amsa idonsa na kan buhuna. Daga nan sai matsaloli su kunno kai. Mutumin da yake cika tirela tsakanin hantsi da la'asar, ranar sai sikeli ya ƙi daidaita. Ko a ce mai wake bai gama ɗinke buhunansa ba. Ko a gano tamfol ya huje, sai an kai wa mai faci. Haka motar za ta kwana biyu ko uku, Yaya yana gida yana cin tuwo da miyar kuka, Baba yana zaure yana mitar wai yaran yanzu ba sa son aiki. Ban gane wannan dabarar ba sai bayan na yi aure, maigidana ne ya nuna min. A irin waɗannan kwanakin na ɓacin sikeli aka nema wa Yaya auren Zulfa, a cikinsu kuma aka yi sunan 'yarsu Safa. Duk wasan da Baba ya hana kansa yi da ɗansa, a kan jikar nan ya juye shi. Amaryata yake ce mata, ya yi ta tsokanarta wai ta cika kishi.

Sai al'amura suka rikice wa masu manyan motoci. Gas ya yi tsada, ya sake yin tsada, har direbobi suka daina tambayar farashi da safe don kada ransu ya ɓaci tun kafin karin kumallo. Taya ta zama abin da sai an yi shawara kafin a saya. A hanya kuma shinge bayan shinge, kowa da sandarsa da hannunsa a miƙe. Wata damina ruwa ya cinye wata gada, motoci suka koma zagaye mai nisa, wasu masu motocin suka ce sun haƙura da yankinmu gaba ɗaya. Manyan 'yan kasuwar da a da mutum ɗaya ke cika tirela da riɗinsa suka rage saye. Ƙanana suka koma tura ɗan abin da suka samu a ƙananan motoci zuwa kasuwar Dawanau a Kano, a can a haɗa da na wasu. Filin da tireloli ke jeruwa ranar Litinin a Shuwarin ya zama wurin shanyar barkono.

Ana cikin haka Alhaji Talha ya kwanta, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ma da ƙyar. Ɗansa Abdulwahab ya karɓi motocin. Ba mugun yaro ba ne, yana da ladabi, kuma ba don shi ba da tuni gidan ya rushe. Ya sayar da rabin motocin don ya iya riƙe rabi. Ya sa wa kowace na'urar da ke nuna masa a waya inda take, ya kuma kafa doka guda: mota ba ta motsawa babu kaya a bayanta, ko da nan da Wudil ne. Jar tirela aka mai da ita kudu, tana jigila tsakanin Legas da Fatakwal da Onica. In ta zo Kano ma, ta sauke da safe, ta ɗauka da yamma, ta juya.

Za ka ce me ya hana Yaya ya hau motar haya ya zo. Ni ma na faɗa masa haka, da faɗa ma kuwa. Ya ce, “Ummi, kin san direbobi nawa ne zaune a gareji babu mota? In na ajiye makullin nan na mako ɗaya, wani zan tarar a kujerata.” Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma maganar ta fi ƙona min rai. Ƙaramar salla ta wuce, babba ta wuce, wata ƙaramar ta sake zagayowa. Safa da ya bari tana rarrafe ta yi ƙafa, ta yi baki, in ta ga wayar uwarta sai ta nuna ta ce Abba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kira ta bidiyo. Nakan taso daga Yalwawa inda nake aure, mu zauna a tsakar gida ni da Zulfa da Safa. Baba ba ya kallon wayar. Amma daidai lokacin ne yake tunawa babur ɗinsa na bukatar gyara, ya jawo shi har kusa da tabarmarmu, ya tsuguna yana kwance abin da lafiyarsa ƙalau. In Yaya ya ce a ba shi Baba, sai ya karɓa ya kara a kunne, ya bar Yaya da kallon gefen hula.

“Baba, ina wuni.”

“Lafiya. Yaya gas a can?”

“Sai a hankali, Baba.”

“To. A riƙa duba birki.”

Sai ya miƙo min wayar ya koma kan babur. Wata Juma'a Yaya ya yi tari a wayar. Har makon ya ƙare Baba yana tambayata wai ana sanyi ne a Fatakwal. Ina kallonsa yana ramewa. Ya rage cin abinci, ya rage faɗa, kuma in babbar mota ta yi ƙara a titi sai ya dakata da magana har ta wuce. Kewa ce take cinsa, kowa ya gani, shi kaɗai ne ba zai faɗa ba.

Da kaka ta shigo riɗi ya yi kyau a ƙasar Buji, sai Baba ya shiga wani aiki da ban gane kansa ba. Mutum ya tsufa, gwiwa na damunsa, amma kullum da sassafe yana kan babur, yau Gantsa, gobe Sara, jibi Kiyawa, har ƙauyukan da ko hanyar kirki babu. Ya dawo da yamma ya zube a tabarma, sai Safa ta hau bayansa ta tattaka masa. Zulfa ce ta fara ganowa. Ta ja ni ɗaki ta ce, “Ummi, wallahi lodi Baba yake haɗawa.” Tunda babu mutum ɗaya mai kayan da zai cika tirela, shi ne yake bin ƙananan 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya yana lallashinsu kada su tura Dawanau. Su tara a sito ɗaya a Shuwarin, in kaya sun kai cikin tirela a ɗauka kai tsaye zuwa Legas. In akwai cikakken lodi, dokar Abdulwahab ba ta hana mota zuwa ba.

Hujjar da yake ba su ba ƙarya ba ce. Tafiya kai tsaye ta fi sauƙi, ba a biyan dako sau biyu, ba a biyan kwanan sito a Kano. Sai dai jira yana da wuya a lokacin da farashi ke tashi da safe ya faɗi da yamma. Wata Litinin na je kasuwar sayen dabino, na leƙa siton na tarar Hajiya Gaji ta ritsa Baba. Tsohuwar 'yar kasuwa ce mai sayen riɗi da zoɓo, sa'ar Baba ce, ƙawar Innarmu ce kuma, bakinta ba ya jin tsoron kowa.

“Malam Gwadabe, jarina na kwance a sitonka yana barci,” in ji ta. “Jiya an kira ni daga Dawanau, riɗi ya ɗaga. In ya faɗi kafin motarka ta zo, kai za ka cika min?”

“Hajiya, a ƙara haƙuri. Saura kaɗan.”

“Saura kaɗan tun yaushe? Kai dai ka fito fili ka ce yaronka kake son gani, sai mu san don me muke asara.”

Baba ya ɗebi riɗi a tafin hannu yana hurawa. Ya ce, “Wannan akwai ƙasa a ciki, sai an sake tankaɗewa.”

Ta dube ni ta girgiza kai. “Ubanki zurfin ciki ne zai kashe shi.” Amma ba ta kwashe kayanta ba. Washegari ma ta aiko da ƙarin buhunan zoɓo.

Wasu ba su yi irin haƙurinta ba. Mutum biyu suka gaji suka kwashe nasu, siton da ya kusa cika ya sake yin giɓi. Baba ya hau babur ya tafi ƙauyenmu, ya kwaso riɗin gonar gado wanda bisa al'ada yake ajiyewa sai bazara, ya bi 'yan'uwa gida gida ya karɓo nasu bisa alkawarin in sun yi asara a wuyansa. Mutumin da tunda yake bai taɓa saka kayansa a lodin da ya haɗa ba, don kada a ce ya fifita kansa, wannan karon ya saka.

Ranar da siton ya cika ina gidan Baba. Ya yi alwala, ya sa hularsa sosai kamar wanda za shi gaban alƙali, ya zauna a zaure ya kira Kano. Wayar Baba kullum a buɗe take, duk wanda ke kusa yana jin ɓangare biyu.

“Abdulwahab, yaya jikin Alhaji?”

“Da sauƙi, Baba, an gode.”

“Allah ya ƙara sauƙi. To akwai kaya, cikakken lodi, na Legas. A turo mota.”

“Kai, madalla! Baba, rabon da a samu lodi daga wajenku ai an daɗe. Ranar Litinin in sha Allahu za ka ga mota.”

Ina tsaye a bakin ƙofa ina yi masa alama da hannu da ido ya ƙara magana. Ya kawar da kai ya kashe wayar. Na ce, “Baba, ba ka gaya masa wace mota ba.” Ya ce, “Ya sani. Gidansu sun sani.” Na ce uban ne ya sani, wannan a makarantar kwana ya girma, Yaya ma Abdul Buji ake ce masa a gareji. Ya dube ni ya ce in je in taya Zulfa aiki.

Hankalina bai kwanta ba, sai na kira Yaya. Ya ce ai kuwa yanzun nan aka gaya masa ya ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano, zai sauke ranar Lahadi ko safiyar Litinin. Muka haɗa wannan da wancan, muka ce shi ke nan, magana ta fito. Na ji muryarsa ta canja. Ya ce in gaya wa Zulfa dambu yake so, irin mai zogale da yawa, don abincin kudu ya ishe shi.

Gidan Takur ya tashi tsaye. Zulfa ta yi kitso ta yi lalle, aka ɗinka wa Safa riga. Baba ya shigo da cinyar rago, wai ya gani ne da araha. Ya sa aka share zaure har sau biyu. Na kuma ji da kunnena yana gaya wa shugaban 'yan dako a waya cewa sikelin siton nan ya fara ba shi shakka, kada su yi mamaki in lodin ya ɗauki kwanaki. Na shige ɗaki na yi dariya har da hawaye.

Ranar Litinin da hantsi ina siton. Zulfa tana gida tana girki, ni kuwa na kasa zama. Hajiya Gaji ta zo, sauran masu kaya sun zo, 'yan dako na zaune a kan buhuna. Baba ya juya wa titi baya yana duba ɗinkin wani buhu da ya riga ya duba. Can sai muka ji ƙarar babbar mota tana rage gudu. Ta karyo kwana ta shigo filin a hankali. Fara ce.

Direban ya diro, wani dogo mai fara'a. Ya durƙusa ya gaida Baba ya ce sunansa Ɗan'inna, Abdulwahab ne ya turo shi. Jiya ya sauke siminti a Birnin Kudu, maigida ya duba waya ya ga shi ne mafi kusa, ya ce ya ƙaraso nan ya ɗauka, ba sai an ƙona gas daga Kano ba. Yana ta murna, wai da ya ɗauka zai yi mako yana jiran kaya. Mu kuwa muka tsaya muna kallon farar motar. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ko ya yi laifi ne.

“Babu laifi,” in ji Baba. “Sannu da hanya.”

Wayata ta yi ƙara. Yaya ne. Ya sauke a Kano, an ce ya wuce Dawanau, ana yi masa lodin Fatakwal, bayan la'asar zai tashi. Ya ce ya yi wa Abdulwahab maganar Shuwarin, aka ce ai tuni an tura wata. Bai iya ƙarasa maganar ba, ni ma ban iya ba. Na juya na tarar Baba a bayana, ya ji komai.

Na ce, “Baba, Kano ba nisa. Mu shiga mota yanzu, za mu same shi kafin ya tashi.”

Ya dubi siton, ya dubi mutanen da suka yi makonni suna jira saboda shi. Ya ce, “In bar wa wa kayan mutane?” Ɗan kamasho ba ya barin wuri sai an ɗaure tamfol, wannan na sani. Na kuma san ko babu kayan, da wuya ya yarda a ce ya bi ɗansa har Kano. Na buɗe baki zan yi faɗa, sai ya riga ni.

“Kira Zulfa. Ta juye abincin nan a kula, ta ɗauko amaryata. Ki sa su a mota, su kai Dawanau kada ya lalace.”

Ya laluba aljihu ya ba ni duk abin da ke ciki bai duba ba. Na je na ɗauko su, na sa su a motar Kano, Zulfa tana kuka tana dariya, Safa na riƙe da gefen sabuwar rigarta. Sannan na koma Shuwarin, don ban yarda in bar shi shi kaɗai ba.

Ban taɓa ganin lodi mai sauri irin na ranar ba. Sikeli bai yi gardama ba ko sau ɗaya. Baba na tsaye a gindin motar yana nuna inda kowane buhu zai zauna, riɗi a ƙasa, zoɓo a sama, na kowa da alamarsa. Muryarsa ta dawo, yana daka wa 'yan dako tsawa kamar da, sai dai babu wanda ya mayar masa da wasa. Ya duba tayoyin Ɗan'inna ɗaya bayan ɗaya, ya gaya masa wuraren da zai yi hattara a hanya, ya saya masa dabino. Zulfa ta kira ta ce sun isa, Safa ta ƙi zuwa wurin ubanta da farko, sai da ya yi magana ta gane muryar. Na gaya wa Baba. Ya ce, “To,” ya ce a ƙara jan igiyar can ta baya.

Ana kiran azahar aka gama ɗaure tamfol. Farar motar ta tashi, muka bi ta da kallo har ta hau titi. Siton ya zama wayam, sai ɗan riɗin da ya zube a ƙasa da kaji suka fara tsattsaga. Baba ya zauna a kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Tausayinsa ya kama ni har haushin ya rasa wurin zama.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Abdulwahab ne.

“Baba, na ga mota ta tashi. Allah ya saka da alheri. Komai ya yi daidai?”

“Ya yi.”

“Madalla. Akwai wani abu ne, Baba? Na ji muryarka wani iri.”

Hajiya Gaji da ke shirin tafiya ta tsaya. 'Yan dako suka daina karkaɗe riguna. Baba ya daɗe yana murza bakin hularsa.

“Abdulwahab, direban jar motar nan taku.”

“Abdul Buji? Ya yi wani abu ne?”

“Bai yi komai ba.” Ya gyara zama. “Ɗana ne.”

“Subhanallahi! Baba, ai da ka faɗa. Wallahi ban sani ba. Da na sani da shi zan turo, ko da za a ƙona gas ɗin.”

“To ga shi na faɗa.”

“Ka yi haƙuri, Baba. Yanzu kam ya riga ya ɗauki kayan mutane. Amma na yi maka alkawari, duk ranar da aka sake samun lodi a wajenku, shi ne zai zo.”

Baba ya ce ya gode, a gaida Alhaji. Ya ajiye wayar a kan benci. Ya dubi cikin siton. Shi ya fi kowa sanin babu sauran riɗi a ƙasar Buji sai wata kakar, don shi da kansa ya bi gida gida ya share shi.

Ya mayar da hularsa, ya dafa gwiwa ya miƙe.

“Hajiya,” ya ce, “wa kika ce yana da sauran wake a Sara?”